Ba a ƙwace lasisin nas a Facebook

Bidiyon bai kai minti ɗaya ba. Wata nas a wani asibiti nan Katsina tana ɗaga murya ga wani mai jinya, shi kenan, kafin la'asar an gama yanke mata hukunci a Facebook, a kore ta, a ƙwace lasisinta, wasu har tambayar unguwarsu suke. Ba wanda ya ce to me ya faru kafin a danna kamara.

Ni abin da ke ban haushi shi ne yadda muke cewa "a ƙwace lasisi" sai ka ce layin waya ne. Lasisin nan Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta ƙasa ke bada shi, wadda doka ta kafa tun 1979, ba gwamna ba, ba shugaban asibiti ba, kuma kotun ladabtarwarta ce ke iya cire sunan mutum daga rajista, shi ma sai an yi bincike an ji ta bakinsa. Ko ɓarawon akuya sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a saurare shi, balle yarinyar da ta yi shekara 3 a makarantar jinya, ta ci jarabawar hukuma, kuma duk shekara 3 sai ta sabunta lasisin da kuɗin aljihunta.

Za a ce ai wasu nas ɗin ba su da tarbiyya. Akwai su, ni ma na sha tsawa a layin yankar kati, amma tsawa daban kashe mara lafiya daban.

Wanda bai taɓa kwana jinya ba ne ke saurin zagi. Sista ɗaya a aikin dare, ɗaki cike, an ɗauke wuta tana neman jijiya da tocilan waya, likita bai zo ba, ga 'yan dubiya goma a kan gado ɗaya kowa na son a fara duba nashi, alhali sai da aka gama yawon kemis da jiƙe-jiƙe ciwo ya ci ƙarfi sannan aka kawo shi. In ta ce a fita waje ta zama mara mutunci. Su kuma manyan asibiti don ƙura ta lafa sai su miƙa mata takardar dakatarwa, su da suka bar ta ita kaɗai a ɗakin ba mai tuhumarsu.

A Fabrairun 2024 hukumar nas-nas ɗin nan ta ce sai nas ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance mashi takardun fita waje, don tururuwar da suke yi zuwa Ingila da Saudiyya. Mu kuma waɗanda suka haƙura suka zauna su muke kora da wayoyinmu.

Ke kuma sista, ki rubuta komi a fayil, ƙarfe nawa kika kira likita, ƙarfe nawa kika yi allura, don ranar bincike takarda ake dubawa. In tuhuma ta zo kar ki amsa cikin fushi, ki kai wa ƙungiyarku ta nas-nas da ungozomomi, NANNM, su gani tukuna, in abin ya kai gaban hukuma ki nemi lauya.