Masu cewa a manta da Camus su fara karanta shi tukuna

Tun da Oliver Gloag ya fitar da littafinsa a Faransa a 2023, wanda sunansa ke kira da a manta da Camus, magana ɗaya ake ta nanatawa: wai marubucin Faransa Albert Camus ɗan mulkin mallaka ne da ya ɓuya cikin rigar falsafa, don haka a sauke littattafansa daga kanta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yawancin masu yaɗa maganar nan hujja guda suka riƙe, kuma ko ita ba su bi ta har ƙarshe ba.

Hujjar ita ce Balaraben da Meursault, tauraron labarin, ya harbe a bakin teku cikin littafin Camus L'Étranger, wato Baƙo, na 1942, wanda ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma abin na da ciwo. To amma a ci gaba da karatu zuwa zaman kotu. Mai gabatar da ƙara ya fi damuwa da cewa Meursault bai yi kuka a jana'izar mahaifiyarsa ba, ya sha kofi ya busa taba kusa da gawarta, washegari kuma ya tafi sinima da budurwa. Mutumin da aka kashe ya ɓace daga shari'ar da ake yi a kan jininsa. Wanda ya karanta wannan bai ga yadda kotun Turawa ke kallon ran Balarabe ba, to ido ya rufe da gangan.

Sannan wane ne wannan da ake kira ɗan gatan mulkin mallaka? An haife shi a 1913 a Aljeriya. Uban ya mutu a yaƙin duniya na farko yana ɗan ƙasa da shekara ɗaya. Uwar ba ta iya karatu ba, ba ta ji sosai, aikatau take yi a gidajen mutane a unguwar Belcourt da ke birnin Algiers. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya tsaya masa har ya samu tallafin karatu, shi ya sa da ya ci kyautar Nobel a 1957 ya rubuta masa wasiƙar godiya. Tarin fuka ya kama shi yana ɗan shekara 17, ya raba shi da tsaron gida a ƙwallo.

A 1939, lokacin da Turawan Aljeriya ke kawar da kai, wannan saurayi ya taka zuwa yankin Kabiliya ya rubuta wa jaridar Alger Républicain jerin rahotanni kan yunwar da ake ciki. A Tizi Ouzou ya ga yara cikin tsummokara suna kokawa da karnuka a kan abin da ke cikin kwandon shara, ya rubuta shi yadda ya gani. A Janairun 1956, yaƙin neman 'yancin kan Aljeriya na ci, ya koma can ya roƙi ɓangarorin biyu su daina kashe farar hula, 'yan uwansa Turawa suka taru a waje suna ihun a kashe shi. Masu sukarsa na yau da ke zaune a ɗakin karatu, wanne daga cikinsu ya taɓa tsayawa gaban taron da ke neman ransa?

Ba na wanke shi tas. Bai goyi bayan 'yancin kan Aljeriya ba, tarayya da Faransa yake so, kuma tarihi ya nuna ya yi kuskure babba. Amma maganar da ake yawan jifansa da ita, wai ya fifita uwarsa a kan adalci, datse ta aka yi. A Stockholm, inda ya je karɓar kyautar Nobel, yana magana ne kan bama-baman da ake dasawa a jiragen ƙasan cikin garin Algiers, waɗanda uwarsa ke iya kasancewa a ciki. Cire wannan daga maganar ha'inci ne. Masu cewa shirun da ya yi daga baya tsoro ne kuwa, su bincika roƙon afuwar da ya riƙa yi a asirce wa 'yan Aljeriya da aka yanke wa hukuncin kisa.

Marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya nuna yadda ake jayayya da marubuci. A 2013 ya fitar da labarin da ya raɗa wa mamacin nan suna Musa, ya ba shi uwa da ƙane mai ba da labarinsa. A haɗa littattafan biyu a gaban ɗalibai, a bar su su yi gardama. A ƙara musu da Le Premier Homme, rubutun da Camus bai kammala ba, wanda aka tsinta a jakarsa a inda haɗarin mota ya kashe shi ranar 4 ga Janairu 1960, aka buga a 1994. Ya sadaukar da shi ga uwarsa, wadda ya san ba za ta taɓa iya karanta shi ba.