Rufe bayanan halittu: haushin kaza huce kan dami

Tun da aka ƙaddamar da Asusun Cali, wanda aka kafa don kamfanonin da ke amfani da bayanan halittu su riƙa zuba kuɗi a ciki, a birnin Roma cikin Fabrairun 2025, wasu masu bincike suka dawo da tsohuwar waƙarsu: wai kada kowa ya sake zuba bayanan halittu a rumbun da duniya ke iya buɗewa, sai kamfanoni sun biya tukuna. Na san inda ɓacin ran ya samo asali. Matsayar da ta kafa asusun, wadda aka cimma a birnin Cali na Kolombiya a 2024, ta nemi manyan kamfanonin da ke cin moriyar bayanan ƙwayoyin gado su bayar da kashi 1 cikin 100 na ribarsu, ko kashi 0.1 na kuɗin shigarsu, kuma babu mai tilasta musu. To amma idan aka garƙame rumbu, wa aka hukunta? Kamfanin magunguna yana da kuɗin neman samfur ta wata hanya, da ɗakin gwajin kansa. Wanda zai kwana a ciki shi ne ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, da jami'in gandun daji da ke son sanin ko tsiron da ya mamaye bakin rafi baƙo ne ko ɗan gida.

Abin da ya fi ba ni takaici, masu kiran a rufe suna magana kamar da can ƙofar a buɗe take. Duba ƙarshen takardun bincike, sau nawa za ka tarar da jumlar nan: "ana iya samun bayanan daga marubuci idan aka nema"? Wani nazari da mujallar Current Biology ta buga a 2014 ya bi diddigin takardu 516, ya gano cewa duk shekarar da takarda ta ƙara, damar a tarar da bayananta na raguwa da kusan kashi 17 cikin 100. Adireshin imel ya mutu, kwamfuta ta lalace, malami ya yi ritaya.

Ni ma na taɓa nema. Bayan wata biyu da tuni har sau uku, wani bawan Allah ya turo mini fayil ɗin ƙididdigar ƙwari, na kuma gode masa. A layin wuri an rubuta "kusa da gada". Wace gada? Kwanan wata 03/04, ba ka san Maris ba ne ko Afrilu. Sunan ƙwaro ɗaya an rubuta shi iri uku, sannan ga wani layi mai taken "X2" wanda shi kansa mai fayil ɗin ya ce ya manta ma'anarsa. Wahalar damina biyu ke nan ta tashi a tutar babu.

Alhali maganin wannan ya daɗe da samuwa. Akwai tsarin Darwin Core, wanda ya tsara yadda za a rubuta sunan halitta, wurin da aka gan ta, ranar, da wanda ya gani. Akwai ƙa'idojin FAIR na 2016, waɗanda suka ce bayani ya zama mai sauƙin nemowa, da isa gare shi, da haɗa shi da wani, da sake amfani da shi. Akwai GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 mai hedikwata a Kofanhegan, wanda bayanansa suka haura biliyan 2, kuma duk wanda ya sauke wani abu ana ba shi lambar shaida ta dindindin, wato DOI, da za ta nuna hannun waɗanda suka tattaro. Saboda haka kukan "za a sace mini aiki" ya zama uzurin malalaci. Batun mafarauta za su gano maɓoyar dabbar da ke dab da ƙarewa kuwa, ai ana iya ɓoye ainihin wurin a saki sauran.

Rumbun kansa ya karkace, wannan gaskiya ne. Mafi yawan abin da ke ciki tsuntsaye ne, albarkacin masu kallon tsuntsu da ke amfani da manhajar eBird wajen rubuta abin da suka gani, galibi a Amurka ta Arewa da Turai. Ƙwari da halittun cikin ƙasa rabonsu kaɗan ne, haka ma yankunan da suka fi arzikin halittu. Kuma janye ɗan abin da ake da shi zai ƙara karkatar da shi ne kawai. Rahoton 2019 na IPBES, dandalin ƙasashen duniya na nazarin halittu, ya ce kimanin nau'o'i miliyan 1 na fuskantar ɓacewa, a 2022 kuma ƙasashe suka yi alkawari a Montreal za su kare kashi 30 cikin 100 na tudu da teku kafin 2030. Wane kashi 30 ɗin? Da me za a zaɓe shi, da fayil mai "kusa da gada"?

A matsa wa kamfanoni lamba su biya, ina tare da wannan ɗari bisa ɗari. Amma masu ba da tallafin bincike su ma su riƙe kason kuɗi na ƙarshe sai an ajiye bayanai a rumbun kowa da kowa, jami'o'i kuma su riƙa ƙirga tsaftataccen fayil wajen ƙarin girma kamar yadda suke ƙirga takarda. Fayil ɗin ƙwarin nan dai yana nan a kwamfutata, har yau ban samu wanda ya san ma'anar X2 ba.