Elvis Presley: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk lokacin da aka ɗauko maganar mutuwar Elvis Presley, shahararren mawaƙin Amurka, ƙwayoyi ake fara ambata. Ba ƙarya ba ne. Ya rasu ranar 16 ga Agusta, 1977 a gidansa na Graceland da ke Memphis yana da shekara 42, magungunan da likitoci ke rubuta masa sun gama cin jikinsa. Amma a ganina an daɗe ana dukan inuwa. Wanda ya kamata a tsare da tambaya shi ne manajansa, Kanar Tom Parker.

Elvis ɗan talakawa ne. An haife shi a Tupelo ta jihar Mississippi a 1935, cikin gida mai ɗaki biyu, ya taso da waƙoƙin coci da kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar Amurka a kunnensa. Yana tuƙa motar wani kamfanin lantarki lokacin da Sam Phillips, mai kamfanin faifai na Sun Records, ya naɗi muryarsa a 1954. Shekara guda bayan haka Parker ya haɗa cinikin da babban kamfanin faifai na RCA ya sayi kwantiraginsa kan dala 35,000.

Masu kare Parker suna cewa ba don shi ba, da Elvis bai wuce mawaƙin yanki ba. Akwai ƙamshin gaskiya, domin mutumin ya iya talla. Sai dai a duba kuɗin aikin nasa. Ya fara da kashi 25 cikin ɗari, zuwa 1967 yana karɓar rabin kuɗin wasu harkokin. Kanar ɗin ma ba na fagen fama ba ne, gwamnan Louisiana ne ya ba shi na girmamawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kuɗin ba ne, shekarun ne. Da Elvis ya dawo daga aikin soja a Jamus a 1960, muryarsa na kan ganiyarta, sai aka tura shi Hollywood. Fim 31 ya fito a ciki a rayuwarsa, mafi yawansu labari ɗaya ne aka sauya wa riga, da waƙoƙin da ba su kai darajarsa ba. A daidai lokacin matasan Ingila da suka koyi kiɗa daga faifansa suka mamaye kasuwa. Shirin talabijin da ya yi a 1968, sanye da baƙar rigar fata, ya nuna baiwar tana nan daram. To me aka yi da ita? Aka kai shi Las Vegas, wasa biyu a dare ɗaya, makonni a jere, Parker kuwa yana teburin caca a otel ɗin.

Mawaƙin da duniya ta haddace sunansa bai taɓa yin wasa a Turai ko Asiya ba, iyakarsa Kanada a 1957. Parker haifaffen Holan ne, ya shiga Amurka ba takardu, kuma da yawa na ganin tsoron a hana shi dawowa ne ya sa ya riƙa watsi da tayin ƙetare. A 1973 ya sayar wa RCA haƙƙin tsofaffin faya-fayen Elvis kan dala miliyan 5.4, ya yanki kasonsa mai tsoka.

Ban wanke Elvis tas ba. Baligi ne, da hannunsa ya sa hannu, kuma ya sha samun damar rabuwa da mutumin bai yi ba. Sai dai wanda ya fito daga talauci irin nasa yakan kasa ɗaga ido ya kalli wanda yake ganin shi ya tsamo shi.

Kuma akwai wanda ya fi shi cutuwa. Arthur Crudup, baƙar fatar da ya rubuta waƙar da Elvis ya fara yin suna da ita a 1954, ya shafe shekaru yana bin haƙƙinsa. Ya mutu a 1974 cikin talauci, ba a biya shi ba.