Duro ɗaya ga kowace mota, laifi kuma na bakanike

Abin da ke ci wa bakaniken garejin dillalin manyan motoci tuwo a ƙwarya shi ne, mai zaɓen baƙin mai bai taɓa kwance inji ba, mai kwance injin kuma ba a tambayarsa. Daga ofis za a duba farashi, a ga an rubuta 15W-40, a yi odar duro a ce a zuba wa kowace mota. Ranar da ta dawo tana jan ƙafa, sai a shiga neman wanda ya yi juyen. Haba jama'a!

Lambar 15W-40 kauri kawai take nunawa, wato yadda man ke gudu da sanyi da yadda yake riƙe jikinsa da zafi. Ba ruwanta da sinadaran da ke ciki. Wannan yana a ɗaya rubutun da ake ƙyuyar karantawa: lambar ajin mai, irin su API CK-4 da ACEA E9, ko lambar amincewar kamfanin da ya ƙera injin, kamar VDS-4.5 ta Volvo da CES 20086 ta Cummins. Duro biyu za su zo da 15W-40 a jiki, ɗaya CI-4, ɗaya CK-4, amma ba aikinsu ɗaya ba.

Ga inda ɓarnar take. Motar zamani tana da matatar hayaƙi a salansa, wadda ake kira DPF. Babu injin da ba ya ƙona ɗan mai, abin da ya ƙone kuma matatar nan yake tafiya. Kunkunniya tana ƙonewa idan kwamfutar motar ta zafafa matatar, toka kuwa ba ta ƙonewa, zama take yi daram. Shi ya sa tun daga ajin CJ-4 a 2006 aka ƙayyade tokar mai kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Tsohon CI-4 ba shi da wannan iyaka. Zuba shi, matatar ta toshe kafin lokacinta, hayaƙi ya rasa hanya, tobo ya sha zafi, kwamfuta ta rage wa motar ƙarfi. A injinan da ke fesa ƙarin gas cikin silinda don zafafa matatar, gas ɗin yana zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da mai. Ka zaro geji ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka murza a yatsa ka ji shi tsararo yana warin gas. Daga nan metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, shi ne zai biya.

Sai ajin FA-4, da ya fito a Disambar 2016 tare da CK-4. Dukansu ana samun su a 10W-30, amma FA-4 ya fi tsinkewa idan ya ɗau zafi, kuma ba a zuba shi sai injin da kamfaninsa ya yarda. Mai sito bai san wannan ba, babu wanda ya damu ya koya masa.

Lissafin juye ma abin takaici ne. Kilomita kaɗai ake dubawa, alhali motar da ke wuni tsaye inji na aiki awoyi take ci, man yana tsufa ko taya ba ta juya ba. Idan gas ɗin mai yawan salfa ne, dole a matso da juyen kusa. Kuma wallahi a zuba sabon mai wajen lita 40 a bar tsohuwar filta don tsimi, wannan zalunci ne ga injin.

Da inji ya buga, kamfani zai nemi takardar juye da samfurin man kafin ya biya garanti. Idan gwaji ya nuna ba man da littafin motar ya ce ba ne, a soke garantin. Mai mota ya iso gareji rai a ɓace, wanda ya sa hannu a odar duron yana ofis ƙofa a rufe, bakanike ne tsaye gabansa da sifana a hannu.