Tarihin Sakkwato bai tsaya a Hubbare ba

In baƙo ya sauka Sakkwato, hanya ɗaya muke bi da shi: Hubbaren Shehu, ƙofar fadar Sarkin Musulmi, in da sauran lokaci a leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu. Shi ke nan, wai ya ga tarihi. Ba laifi ba ne, amma Shehu Usmanu ƙarshen rayuwarsa kaɗai ya yi a birnin nan kafin rasuwarsa a 1817. A Degel ya karantar. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, can aka yi masa mubaya'a, a shekarar kuma aka gwabza da rundunar Yunfa, Sarkin Gobir, a Tabkin Kwatto. Ya zauna Sifawa. Ɗansa Muhammadu Bello yana kwance a Wurno tun 1837. Ɗalibi zai iya haddace sunayen nan don jarrabawa, har ya gama sakandare bai taɓa taka ko ɗaya ba, alhali wasunsu tafiyar wuni guda ce, a je a dawo.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Surame, birnin Muhammadu Kanta na Kabi, a yankin Binji. Tun ƙarni na 16 aka gina shi. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, a 2007 kuma ya shiga jerin wuraren da Najeriya ke nema wa amincewar UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda, gata har ya yi yawa. Ranar da na je, wani dattijo ne ya ajiye fartanyarsa ya zagaya da ni. Ganuwar dutse ce, an jera ɗaya kan ɗaya, wani wuri tana tsaye, wani wuri ta zube, saiwar itace ta ratsa ta, awaki na hawa suna sauka. Ya dafa wani dutse ya ce, "Ɗana, wanga hannun mutum ya aza shi." Abin da ya faɗa mini a awa guda ban taɓa jin rabinsa a aji ba. Ba mai biyansa ko sisi, ba kuma wanda ya taɓa naɗar muryarsa.

Akwai wata magana da ba mu son yi. Mun fi sakaci da wuraren da suka riga jihadi, ko na waɗanda aka ci da yaƙi. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufai ne yanzu a yankin Sabon Birni. To wanda bai san Gobir ta Bawa Jan Gwarzo ba, ta yaya zai gane abin da Shehu ya tashi gyarawa? Adana Alƙalawa ba rage darajar jihadi ba ne.

Na san za a ce mini ana ta kai wa yake ta kaya. Gaskiya ne, babu mai hankalin da zai cika mota da yara ya nufi Sabon Birni ko Gudu a wannan hali na 'yan bindiga. Sai dai rashin tsaron shi ne ma dalilin hanzari: ƙauye in ya watse, tsofaffinsa kan ƙare a gudun hijira, labarin ya bi su kabari.

Ba otal ko katafaren aikin yawon buɗe ido nake nema ba, mun ji irin waɗannan alƙawura har mun gaji. Ƙaramar hukuma ta ɗauki mutum biyu 'yan garin, da shawarar hakimi, ta riƙa ba su ɗan albashi su kula da wurin, su hana kwasar duwatsu. A kafa allon bayani da rubutun boko da na ajami. Sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya tura ɗalibai da wayoyinsu su naɗi bakin dattawa, har da waɗanda suka yi hijira zuwa cikin gari. Makarantu kuwa su fara da inda hanya ke da lafiya, a bar sauran sai ƙura ta lafa.