A Yashe Tiga, a Ƙyale Dajin Falgore

Duk shekara idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya a kanal, sai maganar ta dawo a majalisunmu: a ɗaga dam ɗin Tiga a ƙara masa ciki, ko da ruwan zai cinye wani yanki na dajin Falgore. Masu faɗin haka 'yan uwanmu ne, manoman shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa da Bunkure. Wanda ya ci bashin taki yana kallon shukarsa tana ƙonewa, ba za ka ba shi haƙuri da zancen gwanki da barewa ba.

Amma jama'a, Kogin Kano da ke cika Tiga ta cikin Falgore yake ratsowa. Saiwoyin bishiyoyin nan ne ke riƙe ƙasa idan damina ta sauka. Kowace bishiya da aka sare aka ƙona gawayi, ƙasar gindinta cikin dam take ƙarewa. Tun 1974 da aka kammala shi a zamanin Audu Bako, laka da yashi ke taruwa a cikinsa. Tulun da rabinsa laka ce, wanke shi ake yi, ba a ƙara masa wuya.

Kuma kada mu manta dam ɗin Bagauda. A 1988 ya ɓalle, dattawanmu sun ga ɓarnar da ya yi. Tiga dam ne da aka gina da ƙasa, ya haura shekara 50, ban yarda a ɗora masa nauyin da ba a gina shi dominsa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a tuna mutanen da ke can ƙasan kogi. Dam ɗin Tiga da na Challawa sun riga sun rage ambaliyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ke rayuwa da ita. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyayan Baturiya suna ji a jikinsu, tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ma nan suke sauka. Mu ƙara tare ruwa a sama, su kuma su sha me?

Ya kamata Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ta fara da yashe dam ɗin, ta gyara kanal-kanal da ke zubar da ruwa a banza kafin ya isa gona. Gwamnatin Kano kuma ta ƙara masu gadin daji, ta biya su a kan lokaci, ta tare motocin gawayin da ke fitowa ta hanyar Tudun Wada da Doguwa.