Ba kyamara ce ta kayar da fim ɗin Here ba

Tun da fim ɗin Here ya fito a Amurka a Nuwamban 2024 ya kasa mayar da kuɗin da aka kashe masa, masu sharhi da yawa suka ɗora laifin a kan kyamarar da darakta Robert Zemeckis ya kafe wuri guda, tana kallon falo ɗaya kusan daga farko har ƙarshe, yayin da iyalai suke shigowa suna shuɗewa. Wannan hukuncin malalata ne, domin littafin zane na Richard McGuire na 2014, wanda daga gare shi aka ɗauko labarin, a kan wannan dabara ya ginu, kuma ita ta jawo masa yabo.

Abin da ya kayar da fim ɗin shi ne kwaɗayin fasaha. Tom Hanks, wanda aka haifa a 1956, shi aka sa ya fito a saurayi, bayan kamfanin Metaphysic ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira ya goge masa tamojin fuska, haka ma Robin Wright. Paul Bettany kuwa, da ya fito a mahaifinsa, Hanks ya girme shi da shekara 15. Fuska ta koma ta yaro, amma murya da tafiya na dattijo ne, mai kallo kuma ya shagala da neman inda kwamfuta ta yi kure. Ta yaya fim da ya zo nuna yadda shekaru suke cin mutum zai ɓata ƙarfinsa wajen ɓoye tsufan 'yan wasansa? Masu cewa ci-gaba ne ba su da hujjar da ta wuce sabuntar abin.

Abin takaicin shi ne akwai labari mai nauyi a ciki. Richard, wanda Hanks ya fito a matsayinsa, ya ajiye burinsa na zane ya kama sayar da inshora don ciyar da iyali, matarsa Margaret (Robin Wright) kuma ta shafe shekaru a gidan surukanta tana roƙon su samu nasu, shi yana ta kawo uzurin kuɗi har auren ya gaji. Duk wanda ya tashi a gidan gandu ya san macen da ba ta da ikon ko da sauya wa kujera wuri. Maimakon a tsaya a kan wannan, sai aka cika fim ɗin da zamanin manyan dabbobin da suka ƙare, da 'yan asalin ƙasar, da ɗan Benjamin Franklin (ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka), da wani iyali baƙar fata na lokacin korona da aka ba su 'yan mintoci kamar don fita kunya.

Da Zemeckis ya ɗauki matasa biyu su yi ƙuruciyar, ya zubar da rabin waɗannan baƙi, ya bar kyamarar a inda take.